Barde, Haƙorin Nata'ala

Nata'ala taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ni ƙara. Tun muna yara nake tsokanarsa, kuma ban ga dalilin da zai sa in daina yanzu da ya tsufa bakinsa ya zama fili ba. Sunana Bilki. Ƙosai nake soyawa a kasuwar ƙauyenmu da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, kuma a garinmu duk mai sana'ar ƙosai dole ta san wake, dole ta san Nata'ala.

Allah bai ba shi tsawo ba, bai ba shi gonar kirki ba, karatu kuwa kada ma a tayar da maganar. Abin da aka ba shi haƙora ne. Yana saurayi da su yake tsinke igiyar buhu, da su yake buɗe kwalbar lemo a gidan biki, in an ci nama an bar ƙashi shi ake miƙa wa. Sana'arsa dako ce, ya ɗauki buhu daga mota ya kai rumfa, ya ɗauko daga rumfa ya kai mota, kowa na kiransa da “kai, zo nan”.

Mai sayen wake ko masara don ajiya abu ɗaya yake tsoro, danshi. Hatsin da bai gama bushewa ba, ko wanda wani mara tsoron Allah ya yayyafa wa ruwa don ya kumbura ya cika kwano, in ka ɗinke shi a buhu sai dai ka buɗe ka tarar da fumfuna. Yadda ake ganewa sananne ne: ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka ciza. Busasshe zai ce ƙas ya tarwatse. Mai danshi kuwa haƙori ne zai lume a cikinsa, shiru kake ji. Kowa ya iya wannan. Matsalar ita ce mai ciza shi kaɗai ya san abin da ya faru a bakinsa. Sai mai saye ya ce bai ji ƙara ba, mai sayarwa ya rantse shi ya ji, a yi ta cacar baki har la'asar.

Nata'ala ne ya kashe wannan rigima, kuma ba da niyya ba. Shi dai tun yana yaro bai iya tauna baki rufe ba, an yi dukan an yi faɗan an gaji. Ga shi da kumatu masu zurfi kamar ƙwarya. In ya ɗora wake a kan turmin haƙorinsa na hagu, na ƙasa, can ƙurya, ya danna, har masu kayan miya suna ji daga rumfarsu. Mai saye ya ji, mai sayarwa ya ji, 'yan kallo sun ji, gardama ta ƙare. Tun ana kiransa da wasa har ya zama ba a ɗinke buhu sai an ce, “A kira Nata'ala ya ciza.” In ya ciza a ɗebo masa hannu guda na abin da ya ciza. Da wannan hannu gudan ya daina dako, da shi ya yi aure, da shi ya yi wa ɗakinsa rufin kwano.

Haƙorin har suna ya raɗa masa: Barde. In ka gaishe shi ka tambayi iyali ba ka tambayi Barde ba, gaisuwarka ba ta cika ba. Ni dai don in ba shi haushi nakan ce, “Ina kwana, ya jikin na ƙurya?” Sai ya haɗe rai ya ce, “Yana da suna, Bilki.”

Matarsa Altine 'yar rugar da ke bayan garinmu ce, iyayenta makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Fura da nono take sayarwa, tana zama can gindin darbejiya kusa da rumfar hatsi. Mace ce mai ƙarancin magana. Kullum ka gan ta da asuwaki a baki, in ta ci abu ta kurkure, in ta sha abu ta kurkure, har mukan ce da ita ko kifi ce.

Sai ga zamanin osteriti, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, sukari ya zama abin da ake ba da labarinsa. In aka ji an kawo kaya Gwarzo, tun da sassafe maza ke hawa keke su tafi bin layi, wani ya dawo da gwangwanin madara, wani ya dawo da shatin bulala. Wata rana Nata'ala ya bi layin nan tun hantsi har rana ta karkata, Allah ya taimake shi ya dawo da kwalin sukari guda, irin mai ƙwaya-ƙwaya ɗin nan. A cikin hularsa ya sako shi, ya ɗora hular a ka, ya tuƙo keke da wuya a sandare.

Lokacin Altine tana jegon ɗansu na fari. Na je duba ta, ina zaune ya shigo ya sauke hula ya buɗe kwalin a gabanmu. Altine na riƙe da kwanon kunun kanwa, ta kalli kwalin, ta kalli ƙasa, da ƙyar ta ce, “Maigida, ko ƙwaya ɗaya a cikin kunun nan.”

Ban taɓa jin ta roƙe shi komai ba sai ranar. Shi kuwa gogan sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

“Altine, tsaya ki ji. Wa ke ciyar da gidan nan?”

“Allah,” in ji ta.

“Na sani, bayan Allah fa? Barde ne. To jakin da ya yi aiki shi ake ba dusa, ko jakin da ke kwance? In na zuba wannan a kunu, kafin Juma'a ya ƙare, kowa ya sha ya manta. In kuwa na ba Barde, ƙarfi zai ƙara, mu ci gaba da ci.”

Na ce, “Yanzu matar taka ce jakin da ke kwance?” Ya ce in fita masa daga gida. Altine ta shanye kununta haka nan. Raina ya ɓaci ranar ƙwarai, kuma har yau in na tuna yana ɓaci.

Daga nan aka kafa doka. Duk sanda Barde ya ciji hatsi, sai Nata'ala ya zaro ƙwayar sukari daga aljihu, ya buɗe baki, ya ɗora ta daidai kan haƙorin, ya rufe. Ba ya taunawa, ba ya tsotsa. Barinta yake ta narke a hankali, wai kada a katse wa Barde cin abinci. In ka yi masa magana a lokacin sai ya ɗaga maka hannu. Da kwalin ya ƙare sukari ya gagara, sai ya koma mazarƙwaila, ya ce ita ma ta fi riƙe ciki. Da abubuwa suka ɗan sassauta kuma ya shiga alewar madara, da gullisuwa, da iloka mai manne wa haƙori ta wuni ba ta sauka ba. Ilokar ce ta fi burge shi, domin a cewarsa ita ce ta san darajar Barde, in ta kama shi ba ta son rabuwa. Da ita a kumatu yake kwanciyar azahar a ƙarƙashin rumfa, ƙudaje na zagaya bakinsa suna masa fadanci.

Asuwaki kuwa yana yi, kada in yi masa ƙarya. Amma na gaba kawai yake gogewa, su ma ranar Juma'a. Barde ba a taɓa shi. Hujjarsa ita ce, wuƙar da ake yawan wasawa ƙarewa take yi, kuma rashin kunya ne ka ba mutum abinci sannan ka bi shi da itace kana kankarewa.

Haƙoran suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabtan Barde ne suka fara, don su ke samun ragowar liyafa. Wannan ya yi rami, wancan ya yi baƙi, wani ya fita a cikin tuwo. Kowanne da wanda Nata'ala ya ɗora wa laifi. Na farko ruwan randa ne ya yi sanyi da yawa. Na biyu goron da aka ba shi a wurin suna ne. Na uku ƙosaina ne, wai na sa masa barkono da gangan. Da abin ya yi yawa ya je wurin wani wanzami a Getso, aka turara masa hayaƙi a baki aka ce tsutsa ce ke cin haƙoran. Ya dawo yana murna, ya ce yanzu ya gane komai.

“Tsutsa yunwa ke sa ta ci haƙori,” in ji shi. “Wa zai bar alewa ya ci ƙashi? In ta ƙoshi ba ruwanta da Barde.”

Wato daga ranar baki biyu yake ciyarwa, Barde da tsutsa. Masu alewar garinmu ba su taɓa samun ciniki irin na shekarun nan ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, abin ya zo har kasuwarmu. Dattawa suka kafa kwamiti don gyaran awo, aka ba Malam Sharfaddeen, malamin Islamiyya, shugabanci. Mutum ne mai sanyin hali wanda ko akuya ba ya iya tsawata wa. Aka bi rumfa-rumfa aka tattara kwanonin awon da aka bubbuge musu gindi, aka yi wa'azi a kan algus. Da aka zo maganar jiƙa hatsi, kowa ya waiwaya ya kalli Nata'ala. Aka ba shi gurbi a kan bencin kwamiti, aka ba shi 'yar riga koriya mara hannu, kuma a gaban jama'a Malam Sharfaddeen ya ce, “Bismilla, Malam Nata'ala, zauna nan.”

Malam! Ina tsaye da matsamin ƙosai a hannu na ga idonsa ya ciko. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa ana ce masa “kai, zo nan”. Na so in tsokane shi ranar, bakina ya ƙi.

Sai dai bencin nan shi ya ƙarasa Barde. Duk zaman kwamiti sai wani ya kawo lemon kwalba don neman albarka. Gidan da ke bakin tasha, wanda a da ba a faɗin abin da ake sha a cikinsa, ya koma sayar da zoɓo mai ƙanƙara da kunun tsamiya, mai gidan kuma don a shaida tubansa kullum sai ya aiko wa 'yan kwamiti. Sauran dattawa sha suke su haɗiye. Nata'ala kuwa sai ya kurɓa, ya karkatar da kai hagu, ya tara shi a kumatu, wai Barde na wanka. In ya gama ya tauna ƙanƙarar ƙurus-ƙurus don a san har yanzu da sauransa. Ga dabino kuma, wanda ya ce shi ba mai iya hana shi, tunda abin sunna ne.

Wata safiya ya zo wucewa ta gaban kaskona, na ga kuncinsa na hagu ya fi na dama. Na ce, “Me ka ɓoye a ciki, ƙwai?” Nata'ala ya ƙi rama tsokana, ai ka san babu lafiya. Na bar wa maƙwabciyata kasko, na je na sami Altine, muka tasa shi gaba sai asibiti a Gwarzo, yana tafe yana cewa shi iska ce kawai ta shige shi.

Wata ma'aikaciya muka samu mai suna Badi'a, yarinya mai fara'a. Ta sa shi ya buɗe baki, ta haska da 'yar fitila, ta daɗe tana kallo.

“Baba, me kake ci haka?”

Ya lissafa mata da alfahari, har da bayanin tsutsa. Ta yi ƙoƙari ta danne dariya, ta kasa, ta nemi gafara. Sannan ta yi masa bayani a hankali. Ta ce babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna bakin kowa, zaƙi ne abincinsu, in sun ci sai su fitar da wani tsami da ke narkar da haƙori. Ta ce illar ba a yawan zaƙin kawai take ba, a daɗewarsa a kan haƙori take, shi ya sa mai mannewa ya fi ɓarna. Lemo da zoɓo da tsamiya kuma ga zaƙi ga tsami, suna lasar bayan haƙori har ya yi laushi, sannan a zo a tauna masa ƙanƙara.

“Har dabino?” in ji Nata'ala.

“Ka ci dabinonka, Baba, amma ka kurkure baki ka yi asuwaki. Ai shi ma sunna ne.”

Altine ta kalli rufin ɗaki. Ni kuwa na ce, “Faɗa masa dai, 'yata.”

Badi'a ta ce wannan na ƙuryar cikinsa ya riga ya zama kogo, ɓawo ne kawai ya rage a tsaye. Za ta ba shi magani kumburin ya sauka, ya dawo a cire. Kafin nan kada ya kuskura ya ciji abu mai tauri da shi.

Muka hau mota muka dawo gari, muka sauka. Ya tsaya a bakin titi ya ce, “Bilki, Altine, don Allah ku rufa min asiri. In aka ji Barde ya mutu, rigar nan za a karɓe. Ni ba karatu ba, ba dukiya ba. In ba Barde, wa zai ƙara ce min Malam? Buhu kuma yanzu ba zan iya ɗauka ba.”

Tausayinsa ya kama ni. Muka yi shiru da maganar. Ya sha magani kumburi ya sauka, bai koma asibiti ba. A kasuwa kuma ya shiga dabaru. In aka kawo hatsi sai ya ce yau azumin nafila yake, ko ya ce wannan ko makaho ya san busasshe ne, ba sai an tashi Barde daga barci ba. Ya yi ta zillewa haka har kaka ta yi, sabon wake ya shigo, watan azumi ya matso.

Duk mai ƙosai ta san azumi shi ne kakarta. Mu matan da ke suya muka haɗa kai za mu sayi buhunan wake mu ajiye tun bai yi tsada ba. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Uwaisu, ya sauke kaya masu kyan gani, fari tas, manyan ƙwaya. Na tura hannu cikin buhu sai na ji sanyi-sanyi. Na ciza na ji kamar ya lume, amma ni ma haƙoran nawa ba na yarinta ba ne. Na ce da danshi. Alhaji Uwaisu ya ce sharri ne irin na mata masu neman ragi. Magana ta yi zafi, mutane suka taru, aka ɗunguma gaban bencin kwamiti. In waken nan ya ruɓe a hannunmu, jarinmu gaba ɗaya ya tafi.

Malam Sharfaddeen ya saurari kowa, sannan ya ce, “Abin ai mai sauƙi ne. Malam Nata'ala, bismilla.”

Nata'ala ya ce yana azumin nafila. Wani daga baya ya ce, “Yanzun nan na ga ka sha zoɓo.” Aka yi dariya. Ya kalle ni, na kalle shi. Ni na san abin da ke bakinsa, shi ya san abin da ke cikin buhun nan na dukiyarmu. Ya miƙe ya gyara koriyar rigarsa, ya zaɓi ƙwaya ɗaya, ya yi bismilla. Kasuwa ta yi tsit. Ya wangame baki yadda ya saba, ya ɗora waken can ƙurya ta hagu, ya runtse ido, ya danna.

Ƙas!

Tunda nake ban taɓa jin Barde ya yi ƙara irin ta ranar ba. Har 'yan awaki sai da suka waiwayo. Jama'a suka ɗauki kabbara. Alhaji Uwaisu ya buɗe hannuwa yana juyawa yana cewa, “Kun ji ko? Kun ji da kunnenku ko?” Matan da muka haɗa kai da su suka fara harara ta. Malam Sharfaddeen ya gyara murya zai yanke magana.

Ni fuskar Nata'ala nake kallo. Bakinsa a rufe gam, abin da bai taɓa yi ba bayan ciza. Hawaye na bin kuncinsa, maƙogwaronsa na motsi sama da ƙasa. Na gane abin da ya faru, na kuma gane abin da yake shawara. Haɗiya ɗaya zai yi, shi ke nan. Ba wanda zai sani, rigarsa na jikinsa, sunan Barde ya ƙara tashi, mu kuma mu kwashi jiƙaƙƙen wake mu tafi. Wallahi da ya haɗiye ban san ko zan iya tona shi ba.

Sai ya ɗaga hannu, irin ɗagawar da yake yi in Barde na cin abinci. Malam Sharfaddeen ya dakata. Nata'ala ya tara tafin hannunsa ya tofa. Ga wake nan ɗungurungum, ko tsagewa bai yi ba, sai ɗan lotsawa a gefe. Ga Barde kuma gida biyu, cikinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Aka yi carko-carko. Alhaji Uwaisu ne ya fara farfaɗowa. “Allahu akbar! Jama'a ku shaida, wakena ya karya Barde! Wannan ai ya wuce bushewa, tsakuwa ne!” Nan take wasu suka fara taya buhu, wai su ma suna son irin waken da ya kayar da Barde.

“Ba haka ba ne,” in ji Nata'ala, yana magana da jini a leɓe. “Alhaji, ka yi haƙuri, wakenka da danshi. Na ji ya lume kafin Barde ya tafi. Busasshe tarwatsewa yake, ku dubi wannan, lotsawa ya yi. Barde kuwa ya daɗe da mutuwa, ni na ɓoye muku. Ni na kashe shi da alewa da lemo. Yadda ya ruɓen nan, ko dafaffen wake ne sai ya karya shi.”

Ya tuɓe koriyar rigar, ya ninke ta, ya ajiye a kan benci.

Alhaji Uwaisu ya ce shi bai yarda da shaidar mataccen haƙori ba, a sake cizawa. Nan fa ake yin ta. Dattawan kwamiti suka shiga kallon juna, kowa ya rufe bakinsa da hannu, don goro da lemo ba su bar wa kowa abin kirki ba. Wani mahauci ya ciza ya ce busasshe ne, aka ce surukin Alhaji ne. Wata mai alala ta ciza ta ce jiƙaƙƙe ne, aka ce ai da kuɗinta a ciki. Ba wanda cizonsa ya fita waje. Muka koma gidan jiya, irin rigimar da aka manta da ita tun Nata'ala na saurayi.

Ana cikin haka sai ga Altine ta taso daga gindin darbejiya. Ta cire asuwaki daga baki, ta gaida Malam Sharfaddeen a ladabce. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga tsohon waken bara da ke cikin kwanona, wanda kowa ya san busasshe ne. Ta ja mayafi ta kare rabin fuska don kunya, ta buɗe baki. Jama'a, haƙora ne reras, farare, ba giɓi ko ɗaya, a bakin matar da ta aurar da 'ya. Ta danna. Ƙas! Bai kai na Barde a zamaninsa ba, amma har bayan taro an ji. Sannan ta ɗauki na Alhaji Uwaisu ta danna. Shiru. Ta sake ɗaukar wani daga wani buhun. Shiru. Ta tofar, ta nemi ruwa ta kurkure baki, ta koma wurin ƙwaryarta.

Alhaji Uwaisu ya ce to lallai raɓa ce ta sauka a kan kayan a hanya. Malam Sharfaddeen ya ce Allah ya sa haka ne, a baza a rana, in ya bushe a sake awo. Da aka sake awon bayan ya bushe, kowane buhu sai da ya rage wuya.

Kwamiti ya zauna a kan rigar. Ba a saba mace a kan benci ba, Altine ma ta ce ko an ba ta ba ta so. Malam Sharfaddeen ya ce shi kuma ba zai karɓi riga daga mutumin da ya tofar da haƙorinsa don kada a cuci mutane ba. Aka tsaya a kan cewa in an yi gardama a kai wake gindin darbejiya, Altine ta ciza, Nata'ala ya tsaya kusa ya kasa kunne ya sanar. Aikin da kowa ke iya yi da kunnensa ne, amma ba wanda ya ce komai. Sauran guntun Barde kuma Badi'a ta cire, ta haɗa Nata'ala da buroshi kyauta, ya ce me zai goge da shi.

Ana gobe za a ɗauki azumi na shiga gidansu da hantsi kai wa Altine ƙullu. Tana zaune a tsakar gida tana shan koko. Sai ga Nata'ala ya yi sallama, wuya a sandare. Ya durƙusa a gabanta, ya sauke hula, ya fito da kwalin sukari sabo, irin mai ƙwaya-ƙwaya. Ya buɗe ya tura mata.

“Ranar nan kin ce ko ƙwaya ɗaya,” in ji shi, yana kallon ƙasa.

Altine ta daɗe tana duban kwalin. “Yaron da nake shayarwa ranar, gemu ya fito masa,” in ji ta.

“Na sani.”

Ta sa yatsu biyu ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Na zaci a koko za ta jefa. Sai ta buɗe baki ta ɗora ta can ƙurya ta hagu, ta rufe, ta lumshe ido.

Nata'ala ya zabura kamar an ɗana masa wuta. “Ba a nan ba! Altine, ba a kan na aiki ba! Tauna ki haɗiye! Bilki, miƙo buta! Ina asuwakin?” Ya rarumo buta da hannu ɗaya, asuwaki da ɗaya, yana zagaya ta yana tsalle, ruwa na zuba masa a ƙafa.

Altine ba ta buɗe ido ba. Ta ɗaga masa hannu, ta yi magana ta gefen baki.

“Bari ya narke, Malam. Na daɗe ina jiransa.”